Ɗan Rago Mai Ido Ɗaya da Na Kai Yamai

Tun da na dawo daga Yamai ban sha shayi cikin kwanciyar hankali ba a majalisarmu ta Wurno. Da na zauna sai wani ya ce, "Likita, ba mu labarin ƙasar waje." Wani ya ce ya ji a babban otal anka sauke mu, wani kuma ya ce har na yi haske. Ba haske ba ne, rama ce. To ga labarin nan gaba ɗaya, duk wanda ya sake tambaya ta sai in miƙa mashi ya karanta da kansa.

Ga wanda bai san ni ba, sunana Umaru. Ma'aikacin lafiyar dabbobi ne ni a Goronyo, gidana kuma yana Wurno. Likita ake ce mani, amma yawancin aikina yawo ne a kan babur daga ruga zuwa ruga da jakar allurar rigakafi.

Ardo Buba ne silar tafiyar. Dattijo ne da ya taso da iyalinsa da garkensa daga wajen Shinaka saboda 'yan bindiga, ya zauna kusa da madatsar ruwa. Na daɗe ina lallashinsa kafin ya yarda in yi ma tumakinsa rigakafin ciwon nan na zawo da majina mai kwashe garke. Bara ya yarda. Ba a jima ba wata tunkiyarsa ta haifi ɗa da ido ɗaya tak a tsakiyar fuska, babu hanci, sai wata 'yar tsoka kamar yatsa a saman idon. Bai zo da rai ba.

Ardo ya aiko na je. Ya nuna mani shi da sanda, ya ce, "Ubana ya yi kiwo, kakana ya yi. Ba mu taɓa ganin wanga abu ba sai da kac caka ma tumakina allurakka. Mi kas sa ciki?"

Na ce, "Baffa, allurar da na yi ma tumakinka ita na yi ma na kowa."

Ya ce, "Na kowa ya dame su. Kak ka sake shigo min ruga da jakagga."

Kafin kasuwar Goronyo ta sake ci, labari ya gama ko'ina. Wasu sunka ce alamar Dujal ce, wasu sunka ce allurar Umaru ce, wasu sunka haɗa biyun. Duk rugar da na nufa sai a ce mani tumaki sun tafi kiwo, alhali ina jin kukansu a bayan bukka. Ga lokacin ciwon yana matsowa.

Na riga na ɗauko ɗan ragon na tsoma shi cikin fomalin, ruwan maganin da ke hana nama ruɓewa, a cikin tsohon bokitin fenti mai murfi. Na aika hotonsa ga wani abokin karatuna da ke koyarwa a Sakkwato. Shi ya ce mani za a yi wani horo a Yamai kan yadda ƙwaƙwalwar ɗan tayi ke samuwa a cikin ciki, malamai za su zo daga ƙasashe, ya kuma samar mani gurbi. Ya ce, "Ka tafi da bokitin, za su so su gani."

Kuskurena ɗaya, na faɗa ma matata. Ita kuma ta faɗa ma ƙanenta Nasiru, malamin kimiyya a wata sakandare a Rabah. Ban san ta inda ya bi ba, sai ga shi shi ma da takardar gayyata. Ya ce mani, "Yaya, ka gode ma Allah. Ni ne bakinka a can. Faransanci a wurina kamar ruwan sha." Na amince da shi, don haka ba ni da wanda zan zarga.

Motar da munka shiga daga Wurno rabinta mutane, rabinta buhunan albasa. Na sa bokitin tsakanin ƙafafuna. Duk ramin da munka faɗa sai murfin ya ɗan ɗaga, warin fomalin ya tashi. Kafin mu kai Achida kowa idonsa ya yi ja yana hawaye. Wani dattijo ya yi ta zagin mai albasa, mai albasa yana rantsuwa cewa tasa busasshiya ce. Ni na juya fuskata wajen taga kamar ban san komai ba, Allah ya yafe mani.

Daga Sakkwato munka kama hanyar Illela. A ɓangarenmu na iyaka ba a sha wuya ba. Da munka tsallaka Ƙonni, wani jami'i dogo ya nuna bokitin ya yi magana da Faransanci. Na buɗe baki zan yi bayani, Nasiru ya dafe mani ƙirji ya matsa gaba. Ya gyara hula, ya yi gyaran murya, ya nuna bokitin, ya nuna ni, ya ce, "Bebe. Bebe mor."

Sai na ga jami'in ya ja da baya ya kira 'yan uwansa. Nan da nan anka zagaye mu. Ashe abin da Nasiru ya gaya masu shi ne mataccen jariri ne nake ɗauke da shi. Yana ƙoƙarin gyarawa yana ƙara ɓatawa, har ya fara kukan tunkiya don su gane. Can jami'in ya gaji ya ce da Hausar da ta fi tawa tsabta, "Malam, don girman Allah ka yi Hausa. Mi na na cikin bokitinga?"

Na ce ɗan rago ne, na fiddo takardar wurin aikinmu. Ya ce in buɗe. Na buɗe, idon nan guda ya dube shi daga cikin ruwa. Ya yi a'uziyya, ya ce in rufe. Amma sai da kowane ɗayansu ya zo ya ce in sake buɗewa, ya leƙa, ya yi a'uziyya, ya ce in rufe. Har mai sayar da shayi a gefe ya bar tukunyarsa ya zo. Da sunka sallame mu, motar da za mu shiga ta daɗe da tashi.

Nasiru ya ce, "Ka gani, Yaya? Da ba don ni ba da har yanzu muna can."

A babbar motar da munka samu daga baya, fasinjoji sun riga sun ji labari, sunka ce ko su ko bokiti. Anka ɗaure shi a ƙasa cikin kaya, ni kuma hankalina yana can tare da shi. Hanyarsu shiru, ba rububin motoci kamar tamu, amma a kowane shinge sai kowa ya sauka, a karɓi katin shaidarsa, ya taka da ƙafa ya tsallake igiya, a riƙa kiran suna ɗaya bayan ɗaya kamar 'yan aji. Babu mai gardama, babu mai cewa "ka san ko ni wane ne?" Wannan ya ba ni mamaki. Har Dogon Dutsi ji nake kamar ina gida, Hausa ce ko'ina. Daga Dosso sai harshe ya juya zuwa Zabarmanci, na koma kurma. Gaba kaɗan Nasiru ya girgiza ni wai in tashi in ga raƙumin dawa. Na tashi, na ga kututturen bishiya.

Masaukinmu ba otal ba ne, ɗakin kwanan ɗalibai ne da sunka tafi hutu. Gadon ƙarfe hawa biyu, Nasiru ya haye sama. Sauron bakin kogin Yamai kuwa, na Goronyo almajiransa ne, a wurinsa sunka yi karatu.

Abinci shi ya fi ba ni haushi. Da safe a ba ka burodi dogo mai tauri kamar sandar makiyayi, ka gatsa ya yanke maka dasashi. Ranar farko da rana anka kawo ɗanyen ganye da tumatir a faranti. Na ture shi gefe ina jiran tuwo, mai rabon abincin ta ɗauka na ƙoshi ta wuce ni da shinkafar. Da azahar kuma gari ya mutu, a rufe ofis, a rufe shago, kowa ya tafi ya kwanta sai rana ta yi sanyi. Ga gaisuwa: kowace safiya sai ka bi kowa ka ba shi hannu, ko da jiya tare kunka yini. Baƙin malaman nan kuma har da goga kumatu, maza da mata. Na koyi shigowa aji hannuwana biyu cike da kaya. Gaskiya ɗaya zan faɗa, dambunsu mai zogale da kilishinsu ba na wasa ba ne. Su sunka riƙe raina.

Babbar malamarmu wata dattijuwa ce 'yar Senegal, gajera, mai saurin magana, Farfesa kawai muke ce mata. Rana ta farko ta yi bayani mai tsawo, tana zane a allo. Na taɓa Nasiru na ce, "Mi ta ce?"

Ya ce, "Tana maraba da mu."

"Duk wannan zanen maraba ce?"

"Faransanci haka yake, Yaya, yana da tsawo."

Allah ya taimake ni da wata likitar dabbobi 'yar Tawa, Hajiya Rabi, da ke zaune a bayanmu. Ta yi dariya har ta share hawaye, ta jawo kujerarta kusa. Daga ranar ita ta zama kunnena, Hausarta kuwa kamar a Wurno anka haife ta.

Da ƙwan kaza munka yi aiki. Ana ɗauko ƙwan da ya ɗan kwana a injin ɗumi, a yanke 'yar taga a ɓawonsa, a ɗiga tawada a ƙarƙashin ɗan tayin don ya fito fili, sannan a duba da madubin ƙara girma. Hannuna ya saba da kayar da bijimi, bai saba da ƙwai ba. Na fasa na farko, na fasa na biyu, na uku ya tsiyaye mani a wando. Ana cikin haka wuta ta ɗauke. Duk ajin sunka juyo sunka dube ni da Nasiru, don wai daga ƙasarmu wutarsu take zuwa. Na ce ma Hajiya Rabi ta gaya masu mu ma ba mu gan ta ba.

Amma da na dace da ƙwai guda, na sa ido a madubin, sai na manta da wandona. Wani ɗan siririn abu ne kwance a kan gwaiduwa, kamar tsinken ciyawa. Farfesa ta nuna mana yadda yake farawa a shimfiɗe kamar tabarma, sannan gefe da gefe su naɗo su haɗe su zama bututu. Kan bututun shi ke kumbura ya zama ƙwaƙwalwa, sauran ya zama lakar da ke cikin ƙashin baya. A wani ƙwan da ya fi kwana, na ga zuciya tana bugawa, ba ta kai kan allura ba. Na yi tasbihi a fili, wani Bafaranshe da ke kusa da ni ya ɗauka tambaya nake yi.

Abin da ya ɗaure mani kai shi ne, ƙwayoyin halittar da ke cikin bututun nan duk iri ɗaya suke da farko. To wa ke gaya ma wannan ta zama kaza, waccan ta zama kaza? Farfesa ta ce saƙo ne suke aika ma juna, amma ba da murya ba, da sinadari. A ƙarƙashin bututun akwai wani ɗan zare da ke tsatso wani sinadari. Ƙwayar da ke kusa ta sami mai yawa, ta nesa ta sami kaɗan, kuma yawan abin da kowace ta samu shi ke gaya mata abin da za ta zama. Hajiya Rabi ta maimaita mani ban gane ba, sai da na tuna da ruwan madatsarmu: gonar bakin magudanar ruwan shinkafa ake sa mata, ta can gaba da ruwa ke isa da ƙyar sai albasa. Ruwa ɗaya, yawansa ne ya bambanta amfanin.

Na tambayi sunan sinadarin. Hajiya Rabi ta ce, "Bushiya."

Na ce, "Wace bushiya?"

"Bushiya dai da ka sani, mai ƙaya."

Wai a jikin wani ƙaramin ƙuda anka fara gano shi, in ya rasa shi tsutsarsa sai ta fito da ƙayoyi kamar bushiya. Mutane masu wannan ilimi, a ce sun rasa sunan da za su sa ma abin da ke tsara kan ɗan Adam sai bushiya!

Sai da anka kwana biyu sannan na sami damar kawo bokitina. Na buɗe ina jiran a'uziyya. Farfesa ta tafa hannu, fuskarta ta washe kamar an yi mata albishir, ta kira kowa da kowa. Na ce, "Mi ta ce?" Hajiya Rabi ta ce, "Ta ce kyakkyawa ne ƙwarai." Abin da ya zubar mani da mutunci a rugage, shi ne kyakkyawa.

Ta buɗe kan a hankali ta nuna mana. Ƙwaƙwalwar tunkiya ɓari biyu take, dama da hagu, amma wannan dunƙule take kamar jaka guda. Ta ce kowane ɗan tayi, na tunkiya ko na mutum, da gurbin ido ɗaya yake farawa a tsakiya. Saƙon bushiyar nan ne ke tasowa daga ƙasa ya raba gurbin biyu, ya raba ƙwaƙwalwar ma biyu. In saƙon bai isa ba, sai a tashi da abin da ke cikin bokitina.

Na ce, "Madalla. To mi ya hana saƙon isa?"

Ta ɗaga kafaɗa. Ta ce yana iya zama gado, musamman in ragon da tunkiyar jini ɗaya ne. Yana iya zama wani tsiro da uwar ta ci, don a Amurka an taɓa samun tumakin da sunka ci wani tsiron tsauni sunka yi ta haihuwar irin wannan, sai dai tsiron ba ya fita a ƙasashenmu. Yana iya zama wani abin daban. A kan ɗan rago guda, in ji ta, ba za ta iya yanke hukunci ba.

Nan haƙurina ya ƙare. Na ce, "Hajiya, gaya mata. Na baro Wurno da bokiti tsakanin ƙafafuna, an kusa kulle ni a iyaka, sauro ya sha jinina, don a ce mani ba a sani ba? Ai wannan amsar ko a Goronyo muna da ita."

Nasiru ya ce, "Yaya, bari in fassara mata cikin ladabi."

Na ce, "In ka buɗe baki sai na tsoma ka cikin bokitinga."

Hajiya Rabi ta fassara, ban san ko duka ba. Farfesa ba ta ji haushi ba. Ta tambaye ni yaya tunkiyar take ranar da na yi mata allura. Na ce cikinta ya riga ya fito, har nononta ya fara cika. Ta ce to rabuwar idon nan ana yin ta ne wajen mako biyu da barbara, lokacin ɗan tayin bai kai ƙwayar gero ba. Allurata ta zo ne bayan watanni, ta tarar an daɗe da gama ginin. Ba ta san abin da ya jawo ba, amma ta san ba ni ba ne.

Na nemi kujera na zauna. Sai a lokacin na gane ni kaina ban gama yarda da allurar tawa ba.

Sauran kwanakin a kan 'yan Adam anka yi su. Ta nuna hotunan jariran da tabarmar nan ba ta gama naɗewa ba, wasu a buɗe a gadon baya, wasu a kai. Ta ce cikin watan farko abin ke faruwa, kafin mace ta tabbatar tana da ciki, kuma ƙaramar ƙwayar nan ta folik asid da ake ba mata a wurin awo tana rage aukuwarsa ƙwarai in an fara sha tun kafin a ɗauki cikin. Da rabin kunne na saurara, don mutane ba fannina ba ne. Bokitin kuma na bar mata shi da murfinsa.

Dawowa ba a yi wani abin faɗi ba, ban da Nasiru da ya sayi wata hula shimfiɗaɗɗiya irin ta Faransawa, ya shiga gidana yana ce ma yayarsa "bonjur."

Washegari na hau babur sai rugar Ardo, da jawabina a shirye tun daga tabarma har bushiya. Tun daga nesa na hango ungulaye. Ciwon ya riga ni isa, ga shi tun da Ardo ya kore ni ba a sake yi ma garken rigakafi ba. Ga tumaki kwance da majina, ga mushen ƙananan da anka jawo gefe.

Na fara, "Baffa, na je har Yamai, malamai sun duba..."

Ya ce, "Likita, bar tatsuniya. Ka zo da jakka ko ba ka zo ba?"

Munka ware marasa lafiya na ba su magani, masu lafiya na yi masu rigakafi. Amma na rantse ba zan yi wahalar banza ba, ina allura ina bayani da ƙarfi, ya so ko ya ƙi. Da na kai ƙarshe ya ce, "Ke nan su ma ba su sani ba."

"Sun san ba allura ba ce, Baffa."

"To ai ikon Allah na. Da tun hwarko haka kac ce, da ba mu yi rigima ba."

Shi da ya kore ni da sanda! Na fara haɗa kayana.

Sai ga uwargidansa, Inna Hajo, ta fito da ƙwaryar nono. Ashe duk tana ji daga bayan bukka. Ta ajiye ƙwaryar, ta rage murya ta ce, "Likita, abinga da ka ka hwaɗi na tabarma, har ga mutane?"

Na ce, "Har ga mutane, Inna."

Ta ce matar ɗanta, Dije, ta haihu da damina, jaririn ya zo da rauni a buɗe a gadon baya, bai kai suna ba. Tun daga ranar ɗan nata ya ɗora ma yarinyar laifi, wai da tsohon ciki ta riƙa zuwa ɗiban ruwa gulbi da magariba har iska ta taɓa shi. Ko abincinta ba ya ci.

Na ce, "Inna, abin nan ya faru tun Dije ba ta san tana da ciki ba. Zuwanta gulbi bai taɓa shi ba. Kuma akwai ƙwayar da za ta fara sha tun yanzu, kafin wani cikin, da yardar Allah."

Ta dube ni ta ce, "Kak ka hwaɗa mani ni ɗai. Zamna ka sha nono, in kira shi."

Ya zo, dogon matashi fuska a ɗaure, ya tsuguna nesa da ni. Dije ta tsaya a bakin bukka, ta ja mayafi ta rufe rabin fuska. Na ɗauki tsinke na zana tabarmar a ƙasa, na naɗe ta, na nuna inda ba ta haɗe ba, ina ta addu'a a zuci kada in ɓata abin da na ji da rabin kunne. Ardo yana can yana duban tumaki, amma na lura bai matsa ko taki ɗaya ba.

Ban san ko yaron ya yarda ba, bai faɗa ba. Da na tashi tafiya dai shi ya riƙe mani babur har na ɗaure jaka. Na tada inji ke nan ya sunkuyo kusa da kunnena ya ce, "Likita, wace rana mata ka zuwa asibiti Goronyo?"